Faifan Inna da fiffiken jirgi

Shekara takwas ke nan da rasuwar yayana Salisu, malamin kimiyya a wata lakwal, wato makarantar boko, ta Tsibiri, wanda ɗalibansa ke kira Mushe Salisu, kamar yadda ake kiran malami da Faransanci. Har yau in jirgi ya ratsa samaniyar Maraɗi, sai na ɗaga kai na tuna shi, da Innarmu, da wani faifai.

A shekarar da Allah ya hore mana kujerar Makka, muka ce Inna ce za ta fara zuwa. Ta yi godiya, ta sa mana albarka, sannan ta kafe. "Ni ba ni shiga ƙarhen da ba igiya ta riƙe shi ba," in ji ta. Na yi lallashi har na gaji, limamin unguwarmu ta Sabon Gari ma ya yi nasa. Ga shekaru sun ja, mun san in ta bari wannan ta wuce, da wuya ta sake samun ƙarfin tafiya.

Yaya bai yi gardama da ita ba. Ya jira ranar da ta tafi Jiratawa shiƙar gero wurin ƙanwarta, ya ɗauke ni a babur muka bi ta. Iska na kaɗawa sosai. Ya miƙa mata faifanta, ya ce ta fuskanci iskar ta riƙe shi a kwance. Ba abin da ya faru. Ya ce ta ɗan ɗaga bakinsa na gaba. Nan take faifan ya yi sama, har sai da ta ƙara damƙe shi.

"Wa ya ɗaga shi, Inna?"

"Iska mana. Ka mai da ni yarinya?"

Ya yi dariya, ya bayyana mata cewa faifan ya karkatar da iska zuwa ƙasa, ita kuma iskar ta rama, ta tura shi sama. Haka fiffiken jirgi yake, sai dai an gyara siffarsa yadda iskar da ke bi ta samansa ta fi ta ƙasa gudu, don haka dannawarta ta fi sauƙi, ta ƙasan ta rinjaye ta. Inji kuwa aikinsa gudu, don jirgi ya yi wa kansa iska. Da ta ɗaga bakin faifan da yawa, ya yi ta fizga yana neman faɗo mata a ƙirji. Yaya ya ce matuƙa ma sun san wannan iyakar, ba sa ƙetare ta. Inna ta koma shiƙarta.

Yau ɗalibai na kallon jirage a waya daga safe har yamma, amma tambayi ɗaya abin da ke riƙe su a sama, sai ya hau karanto maka hadda. Na tabbata da Yaya na nan, da ya fitar da su waje da damina ya nuna musu rufin kwanon da muke dannewa da tsofaffin tayoyi da bulo. Iskar da ke yaye kwano ita ce ke ɗaga jirgi, kuma shi bai taɓa koyar da abu a allo ba in har ana iya taɓa shi da hannu.

Zazzaɓi ya ɗauke shi kafin lokacin tashin alhazai. Zuciyata ta karye, na kuma ɗauka maganar Makka ta mutu tare da shi. Bayan sadakar arba'in, Inna da kanta ta ce in fito mata da jakarta. "Yaron nan bai taɓa yi mini ƙarya ba," ta ce.

Abin da ya bari ke nan: bayani mai sauƙi, da amanar da ta sa tsohuwa ta taka tsanin jirgi. Ta yi masa ɗawafi, ta dawo lafiya. Muna tarbarta, kafin ta ba mu zamzam, ta kama hannuna ta ce an zaunar da ita dab da taga, kusa da fiffike.

"Na lura da su sarai. Da za mu tashi, sun ɗaga bakin hwaihwan daidai yadda Salisu ya gwada mini."