Madubin Bindigar Surukina

Surukina maharbi ne, mutumin Maiyama. Tun kafin in auri 'yarsa nake jin labarinsa, domin in gadu ya addabi gonakin rogo na bakin fadama, shi ake aika wa. Bindigarsa ba irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki ba ce. Ta Turawa ce, tsohuwa, mai cin harsashi ɗaya, da takardarta, wurin wansa ya gaje ta. Ni kuwa albasa nake nomawa a Aliero, ko da danƙo ban taɓa samun tsuntsu ba.

Tsakanina da shi gaisuwa ce kawai. In na je sai in tuɓe takalmi tun daga nesa, in durƙusa, ya tambaye ni gida da aiki, in tashi. Ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban kuma taɓa kallon fuskarsa sosai ba.

Wata shekara, bayan an cire albasa, matata ta dawo daga ganin gida jikinta a sanyaye. Ta ce, "Malam, Baba ya fara kuskure. An ce gadu na tsaye gabanai ya harba ya ɓata, kuma ba sau guda ba. Yanzu ko fita bai yi, sai zaman zaure."

Na taɓa gani a waya, maharban wasu ƙasashe suna ɗora wani dogon madubi a bayan bindiga, mai jawo abin da ke nesa ya zo kusa. Na ce mata zan nemo masa irinsa. Ta yi murna, ni ma na ji daɗin kaina, don tunda na shiga gidan nan ban taɓa yi wa dattijon wani abin da ya wuce goro da shaddar Salla ba.

Ranar kasuwa na tafi Jega. Na sha tambaya kafin a kwatanta mini wani mai kayan gwanjo a wajen unguwar Firchin, mai sayar da tociloli da tsofaffin rediyo da takalman sojoji. Ya shiga ciki ya fito da guda biyu. Ɗaya mai nauyi, baƙi wuluk, a cikin jakarsa. Da ya faɗi kuɗinsa sai na mayar masa a hankali kamar ƙwai. Ɗayan siriri ne, mara nauyi, fentinsa ya ɗan kankare. Na kafa ido a ciki, sai ga wata mai fura da ke can ƙarshen layi ta zo har gabana, ina ganin ƙudan da ke bakin ƙwaryarta, da wasu siraran layuka biyu sun gitta a kanta.

"Wanga fa?" na tambaya.

"Wanga na bindigar iska ne, ta harbin kurciya," in ji shi. "Amma madubi ai madubi ne. Shina yi."

Na ɗauki maganarsa saboda ita aljihuna ke son ji.

Saura abin da zai riƙe shi. Zobban da ya zo da su ba su da inda za su kama a jikin tsohuwar bindiga, kuma a wannan zamani ba mai saɓa bindiga ya hau titi da ita. Ni kuma ba zan shiga ɗakin surukina in ce a ba ni in auna ba. Matata ce ta je ta auno da zare, ta ƙuƙƙulla shi, wannan ƙulli kauri, wannan tsawo. Na kai wa wani mai walda a Aliero, wanda ke gyara mana injin ban ruwa. Shi ma bai taɓa yin irin aikin ba. Muka zauna ni da shi muna juya zare, har ya ƙera ƙafafu biyu masu matsewa da noti, ya shafa musu baƙin fenti. Sun yi kyau a ido.

Na so in aika da kayan ta hannunta, amma labari ya riga ni isa. Da na sauka daga babur a ƙofar gidan da hantsi, abokan farautarsa na zaune a kan tabarmi, da maƙwabta, da 'ya'yansa maza. Babban ɗansa ya fito da bindigar, ni na ɗaura madubin da hannuna. Ƙafafun ba su zauna inda muka yi zato ba, sai da na ja su baya sosai kafin su kama. Muka ɗunguma bayan gari, aka kafa tsohuwar ƙwarya a jikin wani suri.

Dattijon ya durƙusa a gwiwa ɗaya. Ya daɗe yana leƙe, yana matso da fuskarsa, yana ƙara matsowa, har girarsa ta kusa taɓa bakin madubin. Sannan ya harba.

Bindigar ta yi baya kamar yadda ta saba, ta tafi da madubin, bakinsa ya sare shi a gira. Hularsa ta faɗi. Ya zauna daɓas a ƙasa, jini ya rufe masa ido, ya gangaro ta gemu zuwa farar rigarsa. Ƙwaryar tana nan inda take.

Ba wanda ya kalle ni, kuma wannan ya fi mini ciwo. Aka kama shi aka miƙar, wani ya yagi rawaninsa ya danne wurin. Na tsaya da sifanar da na matse notin da ita a hannu, na rasa ko in matsa ko in ja baya. Abin da na ji dattijon ya faɗa kawai shi ne, "Ni na kai fuskata. Ku bar shi haka."

A asibitin garin aka ɗinke girar. Na bi su, amma a bakin ƙofa na tsaya har aka gama.

Daga ranar Maiyama ta gagare ni. In zan kai albasa kudu, sai in sunkuyar da kai a mota har mu wuce garin. Ƙannen matata, da yake akwai wasa tsakaninmu, suka sa mini suna mai madubi, suna aiko da gaisuwa wai ko akwai saura. Matata ba ta taɓa tayar da zancen ba, ni ma haka. Da damina ta faɗi aka yi rasuwa a dangin, dole na je, na ɓuya a cikin jama'a na yi ta'aziyya. Ina neman sulalewa aka ce Baba na kira.

Shi kaɗai ne a zaure. Na durƙusa, ina kallon tabarma.

"Malam, ka yi wuyar gani."

"Ayyuka ne, Baba."

Ya ce, "Ran nan da na duba cikin abin nan naka, ban ga ƙwarya ba. Ban ga suri ba. Hayaƙi kawai na gani. Na harba ne don mutane na tsaye." Ya gyara zama. "Ban gaya ma yaran nan ba, yanzu sai su karɓe bindigar su maishe ni tsoho. An ce akwai masu cire yanar ido a Birnin Kebbi. Kai nike so ka kai ni."

Na ce to.

Muka tafi a motar haya, mu biyu a kujerar gaba, kafaɗata tana gugar tasa, ina ta matsewa jikin ƙofa. Likitan da ya duba shi ya ga tabon ya tambayi abin da ya same shi. Dattijon ya ce, "Wajen aiki ne." Aka yi masa ido ɗaya, aka ce ɗayan sai daga baya. Ni na riƙa ɗiga masa magani kafin a sallame mu, dole in ɗaga haɓarsa in buɗe fatar idon da yatsana, girar da ta rabu biyu tana daidai hancina.

Idon ya buɗe. Da kaka ya koma fadama, kuma an ce ya samu. Rannan na dawo daga gona na tarar an aiko da cinyar gada a cikin buhu, an ce a ba Malam. Matata ta dafa ta da albasarmu, yara suka ci suka yi santi. Ni na ɗauki yanka ɗaya, na daɗe ina taunawa kafin ya wuce.