Idon Ayuba Mai Walda

Ayuba mai walda ba ya rufe fuska da garkuwar walda, duk bakin kasuwar Kankiya an san haka. Maigidanshi Labaran, wanda ya koya mashi sana'ar, shi ya ɗora shi a kan wannan turba. Cewa yake ido sabawa yake da wuta, kamar yadda tafin hannu ke sabawa da ƙotar fartanya. Allah ya jiƙan Labaran, amma wallahi maganar nan ba kai ba gindi.

To, sai Ayuba ya riƙa sayen baƙin tabarau na tebur, irin wanda samari ke ƙwalisa da shi ranar salla. Ya wuni yana liƙe ƙofofi da amalanke da garmar manoman Sukuntuni, ya koma gida idanun nan jawur, kamar an watsa masu rairayi. Matarshi Kulu ta ɗiga mashi ɗanyar madarar da ake kawo mata daga wata ruga a Tafashiya. Ido ya yi sanyi, gari ya waye, ya koma bakin aiki. Haka aka yi ta yi har furfura ta cim mashi.

Da ya fara gani dishi-dishi, Kulu ta tasa shi gaba sai asibitin ido a Katsina. Likita ya daɗe yana haskawa, sannan ya yi mashi bayani dalla-dalla. Ya ce hasken da muke gani ɗan yanki ne kawai, launukan bakan gizo ke nan. Gaba da su akwai wani wanda ido ba ya gani amma yana ƙuna, kuma wutar walda cike take da shi. Tabarau na tebur duhu kawai yake kawowa, ƙwayar ido ta buɗe, mugun hasken ya shige abinshi. Idon hagu ya riga ya tafi. Na dama ana iya ceto shi, in dai an kare shi.

Ayuba ya ce to. Bai ji tsoro ba, bai ji haushi ba, bai ji komai ba. Tunanin wata ƙofa da ya bari rabi a Kusada yake yi. Kulu ce ta yi kukan a mota.

Ta sa aka sayo mashi garkuwa ta gaske. Wuni ɗaya ya sa ta. Abokan sana'a suka yi ta kiranshi ɗan sama jannati, shi kuma da ragowar idon nan ba ya ganin bakin ƙarfe ta cikin gilashin. Ya rataye ta a ƙusa. Mai hali ba ya fasa halinshi, Kulu ta yi magana har ta gaji.

Bayan kaka ya tafi Kusada ƙarasa ƙofar. Aka tada janareta, ya durƙusa, ya kafa sandar walda a ƙarfe. Sai da ya ci rabin aikin ya tuna tabarau na cikin aljihu. Wutar da take kashe ido, yau ganinta yake kamar fitilar ƙwai a bayan labule. Ko ƙiftawa bai yi ba.

Mai gidan, Zahradeen, yana tsaye daga nesa ya kare fuska da hannu.

"Malam Ayuba, haka kake kallonta ba tabarau?"

"Ido ya saba," in ji Ayuba.

Ya ƙarasa, ya shafa liƙin da yatsa ya ji ya zauna daidai. Ya lalubi kayanshi ya zuba a buhu. Sannan ya roƙi Zahradeen ya kama mashi hannu zuwa inda motar Kankiya ke tsayawa.