Durƙuson Habsatou a Gidan Halmoni

Idan kun taɓa hawa jirgin ƙasa mai lamba bakwai da safe, wanda ke bi ta saman rufin gidajen Queens har Flushing, wataƙila kun ga wata doguwar mace da shuɗin mayafi a kan jibgegiyar rigar sanyi, ta jingina kai da taga, idonta biyu amma hankalinta ba ya wurin. To ita ce Habsatou, 'yar Tasawa ta ƙasar Nijar. Shekara bakwai ke nan muna zaune ɗaki ɗaya a University Heights, ni ina kitso, ita tana aikin kula da tsofaffi. Don haka in na ba da labarinta kada wani ya ce ƙari nake yi.

Habsatou mace ce mai tafiya a zaune. Za ta ɗora shinkafa ta tsaya bakin taga tana kallon hayaƙin da ke tashi daga saman benaye, sai ƙauri ya fito da ni daga wanka. Tukwanena nawa ta ƙona, Allah kaɗai ya sani! In na yi faɗa sai ta ce, "Yi haƙuri Yaya, na ɗan leƙa gida ne." Gidan da rabonta da shi shekara tara, saboda maganar takardu. Tana nan mahaifiyarta ta rasu, a waya aka gaya mata, a waya ta karɓi gaisuwa.

Shekara huɗu da suka wuce kamfanin da take wa aiki ya tura ta gidan wata tsohuwa 'yar Koriya. Kowa Halmoni yake ce mata, wato kaka da yarensu. Ita da mijinta sun yi shekara talatin suna da shagon wanki da guga, har mijin ya rasu, ita kuma ciwon mantuwa ya kama ta. Turanci ne ya fara zubewa daga kanta, kalma bayan kalma, har ya zama ba ta jin komai sai yaren da aka haife ta da shi. Ɗanta guda, Dongsu, mai sayar da magani ne a New Jersey, ranar Lahadi yake zuwa shi da matarsa.

Da farko Habsatou da tsohuwar da hannu suke magana. Habsatou ta ce ranar da ta fara shiga kicin ɗin ta buɗe wata kwalba, ƙamshin man riɗi ya daki hancinta, sai da ta nemi kujera ta zauna, don ji ta yi kamar kasuwar Tasawa ce ta biyo ta. Da lokacin kaka ya yi, tsohuwar ta koya mata fere wani jan ɗan itace mai kama da tumatir, su ɗaura da zare su rataye a taga ya bushe. Da ya bushe ta ɗanɗana, ta dawo gida tana rantsuwa wai kanya ce, kanyar da ta yi ƙiba. Da la'asar su ja kujeru biyu su zauna ƙarƙashin waɗannan 'ya'yan itace, suna kallon jiragen sama na saukowa a hankali, kowace da garin da take tunani.

A irin wannan zaman ne abin ya faru. Habsatou na ninke kaya, ta tuna wani abu, ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Wayyo, Umma." Sai tsohuwar ta juyo da sauri ta amsa, ta miƙo hannu biyu. Habsatou ba ta san lokacin da ta je ta faɗa jikinta ba.

Ranar Lahadi Dongsu ya warware mata. Ashe su ma haka suke kiran uwa, bambancin bai kai a faɗa ba. Kuma yana da yaya mace, Miran, wadda ta rasu tana budurwa tun kafin su baro Koriya. Daga ranar nan tsohuwar ba ta ƙara kiran Habsatou da wani suna ba sai Miran.

Na ce, "Ke Habsatou, da tsawonki da baƙinki, ta ina kika yi kama da 'yar Koriya?"

Ta ce, "Yaya, ni ma ai ba ta kama da Ummata. Amma in na kira tana amsawa." Ban sake tsokanarta a kan wannan ba.

Da sanyi ya kankama, Halmoni ta daina cin abinci. Ba ciwo ba, ba zazzaɓi ba, in aka kawo cokali sai ta kau da kai ta juya wa bango. Kwana biyar sai ruwan shayi. Likita ya ce in aka ƙara kwana uku a haka za a kwantar da ita a asibiti a zura mata roba ta hanci, daga can kuma sai gidan tsofaffi. Habsatou ta yi aiki a irin gidajen nan. Ta ce min, "In aka fitar da ita daga ɗakin nan, ba za ta yi wata guda ba." Ita ma cin abincin ya gagare ta.

Lokacin saura kwana biyu sabuwar shekararsu, wadda suke lissafawa da wata kamar yadda muke yi. Dongsu ya zauna ya saurari gunagunin uwarsa, ya gane abin da ke ranta. A al'adarsu, safiyar wannan rana 'ya'ya ke zuwa su yi wa iyaye wata gaisuwa ta musamman, sannan a sha wani romo mai yankakken farin tuwon shinkafa a ciki, wanda suke cewa duk wanda ya sha ya ƙara shekara ɗaya. Ita kuwa tsohuwar cewa take yi shekaru sun yi ta wucewa Miran ba ta zo gaishe ta ba, to ita ma ta gaji da ƙara shekaru.

Dongsu ya roƙi Habsatou ta yi wa uwarsa gaisuwar. Har ya gwada mata a tsakar falo: ya haɗa hannu, ya zube, ya kai goshi ƙasa. Habsatou ta ja da baya.

Ranar da ta gaya min, ni ma tsalle na yi. Na ce, "A'uzubillahi! Wannan ai sujada ce. Ko Ummarki da ta haife ki ba ki yi mata ba, balle wata. Ki ce ba za ki yi ba, in sun ga dama su kore ki."

Ta daɗe tana kallon taga, har na zaci ta tafi Tasawa. Sai ta ce, "Goshina na Allah ne, Yaya. Amma gwiwoyina ai an saba da su. Zan yi mata irin tamu ta gida."

Safiyar ranar dusar ƙanƙara ta sauka, gari ya yi fari fat, ko motsin mota ba a ji sosai. Habsatou ta tafi da naman sa na halal daga shagon Faruƙ mahauci, don ita ma ta iya shan romon. Matar Dongsu ta dafa, tururi ya rufe gilashin tagogi har ba a ganin waje. Suka sanya wa tsohuwar doguwar rigarsu ta siliki, suka tallafe ta ta zauna da matasai a bayanta, don wai ba a yi wa na kwance wannan gaisuwar. Dongsu da matarsa suka yi tasu. Ko kallonsu ba ta yi ba.

Habsatou ta matso, ta durƙusa a kan gwiwa biyu, ta sunkuyar da kai kamar yadda take yi a ƙofar ɗakin mahaifiyarta. Kwana biyu tana haddar kalmomin Koriya da aka koya mata, amma a take suka gudu. Sai kawai ta ji bakinta yana cewa, "Umma, ina kwana? An tashi lafiya? Ina gajiya? Yaya sanyi, yaya ƙarfin jiki?" Ta ce min a lokacin ba siliki take gani ba, zanen atamfa take gani da ƙafafu masu lalle. Ta gama, ta miƙe tana share ido.

Sai tsohuwar ta ɗago hannu ta fara magana ƙasa-ƙasa. To ku da kuka san tarbiyyar gida, wa yake tsayawa ƙerere a kan babba yana magana? Habsatou ta sake zubewa.

Matar Dongsu ta ƙwalla ƙara ta toshe baki. Dongsu ya yi wuf zai ɗaga ta, amma aikin gama ya gama. Ashe a wurinsu sau ɗaya ake yi wa mai rai. Sau biyu kuwa, sai gawa.

Halmoni ta ƙura wa Habsatou ido, fuskarta ta yi ja. Can sai ta daki matashi da tafin hannu, ta buɗe baki da Turancin da rabon a ji shi wurinta shekara uku, ta ce, "Ban mutu ba tukuna!" Ta juya yarensu ta yi ta zazzaga faɗa, Dongsu na fassarawa yana dariya hawaye na zuba: wai wace irin yarinya ce wannan marar hankali, uwarta na zaune ido biyu tana neman binne ta, a kawo mata romonta yanzun nan su ga ko gawa na cin abinci. Da hannunta ta riƙe cokalin. Ta shanye kwano guda, ta tura wa Habsatou nata tana hararar ta har sai da ita ma ta shanye.

An sha romon nan sau uku tun daga lokacin, Halmoni na nan a ɗakinta. Duk ranar da ta tashi da rigimar ƙin abinci, Habsatou ta san maganinta: ta durƙusa ta gaishe ta, ta miƙe, sannan ta fara lanƙwasa gwiwa a hankali kamar za ta ƙara. Kafin ta kai ƙasa tsohuwar ta fizge cokali tana zagi.

Makon jiya tana ba ni labarin yadda suka yi, muna ta dariya, sai bakina da ba ya shiru ya ce, "To ranar da gwiwarki ta kai ƙasa ba ta tanka ba fa?"

Dariyar ta ɗauke daga fuskarta. Wallahi na yi da-na-sani tun kafin in rufe baki. Ta tashi ta zura rigar sanyinta, ta yafa mayafi, alhali ranar hutunta ce.

Na ce, "Ina kuma za ki?"

Ta ce, "Jiya rabin kwano ta ci."