Ranar da Na Kai Inna Bahar Maliya

Shekarun baya, ina cikin shekara ta uku da fara aiki a wani shagon dabino a unguwar Ƙurban ta Madina, Allah ya nufi mahaifiyata da zuwa Umara. Daga Makka ayarinsu ya iso Madina, kuma duk inda ake kai baƙo sai da na kai ta: Ƙuba, Uhudu, ko'ina. Ana jibi za su tashi, muna zaune a harabar Harami bayan La'asar, ta ce da ni, "Saura ziyara ɗaya. So nake ka kai ni Bahar Maliya."

Dariya na yi. Wanda ya zauna a Madina ya san yadda kalmar nan ta zama. Kullum direbobi na kira a bakin titi, "Ziyara, ziyara," su zaga da kai wurare uku huɗu su ƙarasa da kai kasuwar dabino. Sai na ɗauka Inna ta kama yaren gari ne, shan iska take so kafin ta koma gida.

Na ce, "Inna, Fir'auna za ki je dubawa?"

Ta ce, "Kai dai ka kai ni."

Ni kuwa mutum ne mai son a ce ya iya shiri. Na roƙi mai shago hutun yini guda, sannan na nemi abokina mai mota. Shi haifaffen unguwar Harra ta Yamma ne a nan Madina, kakanninsa alhazai ne da suka zo da ƙafa suka zauna. Hausarsa ta cikin gida ce, in ya yi kalma uku sai ya sako Larabci huɗu, kullum cikin tsokanarsa nake. Na samu takarda na jera abin da za mu yi a Yanbu, garin bakin tekun da za mu je: tsohon gari, kasuwa, gidan cin kifi. Tekun na ajiye shi a ƙarshe, don an gaya mini faɗuwar rana a can abin kallo ne.

Bayan sallar Asuba muka je ɗaukar ta a masauki. Ta fito cikin fararen kaya sababbi, da carbi a hannu, da wata 'yar gorar ruwa da babu komai a ciki. Na ce ta jefar, akwai katan guda na ruwa a mota. Sai ta tura ta cikin jaka.

Da hantsi muka shiga Yanbu. Tun daga nesa muka fara hango matatun mai, dogayen bututu da wuta na ci a samansu. Ina nuna mata ina bayani kamar ni na gina su. Ita kuwa tambayarta ɗaya: "Ina ruwan?"

"Yana nan, Inna. Ba ya gudu."

Na fara da tsohon gari. Gidaje ne na dutsen teku, hawa biyu hawa uku, da tagogin katako da aka sassaƙa suka turo kai waje, yadda matar gida za ta ga titi ba a gan ta ba. Wurin ya burge ni, har yanzu ma yana burge ni. Na sa ta tsaya nan in ɗauki hoto, ta koma can in ɗauki wani. Daga nan muka faɗa tsohuwar kasuwa, rumfuna a jere ƙarƙashin rufi ɗaya. Ga busasshen kifi, ga zuma, ga man shanu a kwalabe, ga lallen Yanbu da mata ke yabo. Lallen ne kaɗai ya tsayar da ita. Ta shinshina, ta murza tsakanin yatsu, ta ce a auna wa ƙanwarta. Na ji daɗi, na ce a raina shirina ya fara karɓuwa. Sai na ƙara zagayawa da ita layi biyu neman tsarabar jikoki.

Bayan Azahar muka je cin kifi. A can kai za ka zaɓi kifinka a kan ƙanƙara, a auna, a soya ko a gasa maka. Abokina ya zaɓo najil, wani jan kifi mai tsoka fara tas, aka haɗo da sayadiyya, shinkafar da ake dafawa da soyayyar albasa har ta yi duhu. Don in burge ta na ƙara da faranti guda na jatan lande. Ta leƙa farantin ta ture mini shi.

"Farar ruwa ce wannan? Ci abarka."

Loma uku ta yi na shinkafa ta wanke hannu. Ni na ci nawa, na ci shinkafarta, na cinye farar ruwan, aka ƙunshe mana sauran kifin.

Abin da ban lura da shi ba, tun a kasuwa Inna take dafa bango. Tana da ciwon gwiwa, kuma ta yi ɗawafi da safa da marwa, ta yi kwana takwas tana sintirin Harami. Ni na ƙara mata yawon rabin yini a kan duwatsu. Da za mu tashi daga gidan kifin, sai da mu biyu muka kama ta. Gwiwoyin sun kumbura sun yi suntum.

Muka bi titin bakin teku a mota. Ga ruwan can shuɗi, amma tsakaninmu da shi akwai ciyawa, da dakali, da ƙarfen kariya, tafiyar da ba za ta iya ba. Na sauke gilashi na ce, "To Inna, ga Bahar Maliya. Kin gani ko?"

Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "Ana ziyara ta tagar mota ne?" Ta gyara mayafi. "Ba komai. Mu koma, gobe jirgi. Allah bai nufa ba."

Har ga Allah raina ya ɗan sosu. Na kashe yini, na kashe kuɗi, ga ruwa an gani, me kuma ya rage? Na buɗe baki zan ce wa abokina ya juya, sai na ga ya gangara gefen titi ya kashe mota. Ya waiwayo, ya haɗa Hausarsa da ƙyar.

"Hajiya, ma'alesh, in tambaye ki. Wa gare ki a cikin bahar?"

Inna ta sunkuyar da kai ta ce, "Babana."

Tun ina yaro nake jin ana cewa kakana ya rasu a hanyar Makka. Haka kawai na riƙe maganar, ban taɓa tambayar a ina ba. Ranar na ji sauran. Inna tana 'yar shekara biyar ya tafi da ƙafa ta Sudan, ƙanwarta tana goye. Bayan shekaru wani abokin tafiyarsa ya dawo da carbinsa, ya ce zazzaɓi ya kama shi a jirgin ruwa, ya cika kafin a ga gaɓa, aka yi masa sallah aka sa shi a ruwa. Carbin ne a hannunta tun safe.

Abokina ya ce, "Kakata haka take yi, wallahi. Ɗan'uwanta yana ciki. Kulli sana, duk shekara, sai an kawo ta, da farin kaya. Tun da na ga gorar nake shakka." Ya tayar da mota. "Yalla, na san wuri."

Ya fitar da mu bayan gari, inda babu dakali babu ƙarfe, mota tana iya gangarawa har kusa da yashi. Wasu masunta na gyaran raga a gefe. Ya je ya yi musu magana, ya dawo da farar kujerar roba. Muka zaunar da Inna, shi ya kama gefe na kama gefe, muka ɗauke ta cak. Muna nishi, ƙafafunmu na nutsewa a yashi, har muka dire kujerar inda ruwa ke zuwa ya taɓa ƙafa ya koma.

Ni da bakina da ba ya shiru, sai da na ce, "Amma Inna, jiragen nan ai ta Jidda suke bi. Da nisa daga nan."

Ko kallona ba ta yi ba. "An yi wa ruwan katanga ne?"

Ta cire takalmi. Ta yi sallama irin wadda ake yi a maƙabarta, sannan ta ce, "Baba, ni ce babbar. Na zo. Ƙaramar ba ta samu zuwa ba, tana gaishe ka. Ga jikanka nan, shi ya kawo ni." Ta ɗaga hannu ta shiga addu'a. Ni dai ina tsaye a bayanta, ruwa ya jiƙa mini wando har gwiwa, ina kuka kamar ƙaramin yaro. Kunya ce ta fi yawa a kukan, don ta ce ni na kawo ta, alhali saura ƙiris in mayar da ita gida ba ta zo ba.

Da ta shafa, ta miƙo mini gorar. Na cika ta na rufe. Ta ce ƙanwarta za ta kai wa, tunda ita ko fuskarsa ba ta sani ba. Faɗuwar ranar da na tsara komai dominta ta zo ta wuce, ban ma ɗauki hoto ba.

A hanyar dawowa ta ce yunwa take ji. Sauran najil ɗin da muka ƙunso ta cinye tas, har tana cewa ashe kifin nan da daɗi.

Har yau ina tuna cewa sau uku ta gaya mini abin da take so, da baki, da kaya, da gora, ni ina ta duba takardata. Mutumin da nake yi wa dariyar Hausa shi ya ji abin da uwata ke faɗa. Ban ƙara tsokanarsa ba, kuma ba na sallah in manta da shi a addu'a.

Yanzu duk shekara nakan je Yanbu sau ɗaya. Ina shiga kasuwa in sayi lalle, ina cin sayadiyya har in kasa tashi. Amma bakin ruwa nake fara zuwa. In na kira Inna na ce mata ga ni a Yanbu, ba ta tambayar hanya, ba ta tambayar kifi. Cewa take, "Ka gaida kakanka tukuna?"