Mushen Jakin Ranar Juma'a

Jama'a, wannan abin ba a bakin wani na ji shi ba, a kaina ya faru, kuma na rantse da Wanda raina ke hannunSa ban ƙara masa gishiri ba. Shekara tara ke nan ko goma, lokacin ina aikin gandun daji, aka tura ni wani daji tsakanin ƙasar Dungass da ta Magaria, can inda hanyar mota ke ƙarewa, sai rairayi da sabara da tsofaffin itatuwan gawo. Wani proje ne, shirin kare namun daji, ya kewaye wurin da waya, akwai ƴan bareyi a ciki, akwai manyan kunkuran nan masu haƙa rami, amma ainihin abin da aka kafa wurin dominsa, kada ku yi dariya, ungulu ce.

Ku da kuka ɗan manyanta kun san da ko akuya aka yanka a kasuwa sai an kori ungulaye da sanda. To yanzu ku tuna yaushe rabonku da ganin ko guda. Masu guba sun gama da su, saboda kawunansu da ake ƙetarawa da su ana kai wa bokaye. Waɗanda suka rage a duk yankin su ashirin da uku ne, suna zaune a kan gawon dajin namu, kuma ni aka damƙa wa amanarsu. Aikin shi ne, duk ƙauyen da dabba ta mutu a ɗoro ta a amalanke a kawo mana, mu duba, in ba guba a jikinta mu shimfiɗe musu a wani fili, don kada yunwa ta kai su inda za a hallaka su.

Ni kuwa Allah Ya yi ni da ƙyanƙyami, ko gashi na gani a miya na gama cin abinci ranar. Sai ga ni, da duk lekol ɗin da na yi, karatun boko ba kaɗan ba, ina tarbar kumburarrun shanu da tumakin da tsutsa ke zuba ta hancinsu, yaran gari kuma da manyansu sun raɗa mini suna Sarkin Mushe. Ita kanta ungular ban taɓa sonta ba, wannan ƙwalƙwalin kai, da yadda take cusa wuya ta bayan dabba ta jawo hanji. Na tsani aikin, ba zan ɓoye muku ba.

Wanda ya rufa mini asiri shi ne Baba Sallau, wani tsohon mahauci mutumin Bande da muke aiki tare. Shi ke farke ciki, ya zura hannu har gwiwar hannu, ya shinshina, ni kuma ina can nesa ta inda iska ke tahowa, na toshe hanci da ƙyalle mai turare ina rubutu a kaye, littafin aikina. Filin da muke ajiye mushen ma akushi yake ce masa. Shef yake kirana, wato shugaba, kuma kullum sai ya maimaita mini abu guda: "Shef, kafin ka dubi mushe, fara duban ƙudansa. In ƙuda na shagali, abinci ne. In ka ga ƙuda kwance ƙafa sama, rami za a haƙa." Ni kuma in ce to Baba, na ji, alhali hankalina na kan yaushe za a gama in wanke fuska.

Wata Juma'a cikin bazara, Baba Sallau ya tafi Bande sunan jikarsa, ya ce zai komo da la'asar. Ni kaɗai na rage. Na yi wanka, na saka farar shaddata, na fesa turare, har na tayar da moto, babur ɗina, zan tafi masallacin Juma'a a garin da ke kusa da mu, sai ga wani mutum da ban sani ba a bakin ƙofa, ya naɗe fuska da rawani, yana jaye da amalanke, mushen jaki a kai. Ya ce jakin maƙwabcinsa ne, tsufa ne ya kashe shi jiya, ya ji an ce muna karɓa.

A nan ne nake so ku saurare ni da kyau, don nan ne wurin da nake jin kunya. Na gani. Wallahi na gani da idona. Jaki ya kwana ya wuni cikin zafin bazara, ya kumbura kamar salka, amma babu ƙuda ko ɗaya da ke tashi a kansa, ga su nan birjik a kan katakon amalanken, koraye, ƙafafu sama. Na kuma ga kamar an ɗinke gefen cikin da zare. Zuciyata ta ce ɗauko wuƙa, sai na dubi rigata, na dubi ruwan da ke ɗiga daga bakin jakin, na dubi agogo, na ce da kaina ai zafi ne ya kashe ƙudajen. Na nuna masa akushin da baki, ya je ya kifar, ya fita, na kulle ƙofa na hau moto. Ina tafe ina ganin ungulayen a sama sun fara kewayawa.

Da aka sauko daga masallaci har tsayawa na yi aka yi hira, na sha fura. Na iso bayan la'asar, na tarar da Baba Sallau tsaye a bakin akushi, bai ko sauke jakarsa ba. An yanke waya ta gabas, ga sawun amalanke ya shiga ya fita. Ungulayen kuma ga su nan a warwatse a kan rairayi, fukafukai a baje, wasu sun ja jiki har gindin sabara, kowace kwance cikin koren amanta, kuma babu wadda ke da kai. An bi su ɗaya bayan ɗaya an datse. Wuyan nan tsirara, jini ya bushe a baki, ga wani wari da ban taɓa ji ba, ɗoyin mushe haɗe da ƙaurin maganin ƙwari. Na koma gefe na amayar da furar nan tas. Muka ƙirga, ashirin da uku cif.

Baba Sallau bai ɗaga murya ba, ya ce, "Shef, ka buɗe cikin?"

Na ce na buɗe, ban ga komai ba.

Ya dube ni tun daga hula har takalmi, ya ce, "Da wannan rigar?"

Muka haƙa rami, muka zuba su da jakin, muka ƙone muka rufe. Washegari na zauna na rubuta rapor, wato rahoto, zuwa biro, babban ofishinmu, na ce an duba mushe yadda aka saba, gubar ce ba ta da alama.

Kwana uku bayan haka, rana tsaka, ina gyaran wayar da aka yanke, sai wata inuwa ta gifta ta kan hannuna. Na san inuwar, faffaɗan fiffike mai yatsu a baki. Murna ta kama ni, na ce ashe wata ungulu ta tsira, na ɗaga kai. Sama fes, ko shirwa babu. Na sunkuyar da kai, sai ga ta ta sake wucewa, ga wata a bayanta, ga wata, suna kewaya a kan rairayi a hankali yadda suka saba in sun hango abinci. Na tsaya na ƙura musu ido, fiffike na nan, wutsiya na nan, wuya na nan, daga nan sai ya yanke. La'ilaha illallahu, har yau in na tuna tsigar jikina tashi take. Ban so in ƙirga ba, amma bakina ya ƙirga da kansa, kuma kun san nawa na samu.

Daga ranar wari ya kama ni. Da fari na ɗauka a hancina yake, sai da na je gida Magaria, ina shiga maiɗakina ta ja da baya ta ce, "Malam, me ka taka?" Na yi wanka da sabulu sau uku, ta dafa mini ganyen darbejiya na cuɗa jiki da shi har fata ta yi zafi, ta turara kayana, duk a banza. A masallaci sai in ga na kusa da ni ya bar tazara yana tari. Tuwo in na kai baki ɗoyin jakin nan nake ji a hannuna. Na rame, na fara ƙyamar jikina yadda nake ƙyamar mushen mutane, kuma shi wannan ba dama in koma ta inda iska ke tahowa.

Da na koma daji, aka kawo wata akuya da ta mutu wajen haihuwa. Ban jira Baba Sallau ba, na karɓi wuƙar na farke ta da kaina, na zura hannu cikin ɗumin ruɓar nan ina yunƙurin amai, na ce ko abinci suke nema su ci su ƙyale ni. Muka ajiye ta a akushi muka ja da baya. Rana na kaiwa tsaka inuwoyin suka zo. Suka bi ta kan akuyar ko tsayawa ba su yi ba, suka taho inda nake suka sa ni tsakiya, kewayen yana ƙara matsewa, har inuwar na hawa ƙafafuna tana sauka, kuma duk wadda ta hau sai in ji sanyi a wurin.

Na ce, "Baba, kana ganin abin da nake gani?"

Ya ce, "Tun ranar farko nake gani. Shef, na yi shekara arba'in a mahauta, ban taɓa ganin ungulu ta bar mushe ta kewaya mai rai ba. Ban san me suka shinshino a jikinka ba, kai ka sani."

A nan na durƙusa na faɗa masa komai, ƙudajen, zaren, rigar. Ya ce ai ya sani, ba shi ya kamata in gaya wa ba. Na sake rubuta rapor na gaskiya na kai biro da hannuna. Aka cire ni daga wurin, kuma ban ga laifin kowa ba. Bayan shekara guda projen ya nannaɗe tabarmarsa, tunda abin da ake tsaro ya ƙare. Mutumin da ya kawo jakin ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Yanzu a ƙauyukan nan in dabba ta mutu sai ta yi sati tana ruɓa a bayan gari, karnuka na ja, wari na shiga har ɗaki.

Warin jikina ya tafi a hankali, kamar wata biyu. Na tambayi malamai, wani ya ce aljannun gawon ne, wani ya ce zuciyata ce, ni dai ban sani ba, kuma zuciyata ba ita ta nuna wa Baba Sallau ba. Na ɗauka an wuce wurin. Sai babbar sallar bara, na yanka rago a tsakar gida, rana ta take ina fiɗa, ƴar autata mai shekara huɗu, wadda ko a hoto ba ta taɓa ganin ungulu ba, tana tsugune kusa da ni. Sai ta nuna ƙasa da yatsa ta ce, "Baba, wannan tsuntsun ina kansa?"

Ban ɗaga kai ba, don na san abin da ba zan gani ba. Na ɗauke ta da jinin a hannuna muka shige ɗaki.

Shawarata gare ku, duk abin da aka ba ku tsaro, ko kuna ƙyamarsa, ko ba mai ganinku, ku naɗe hannun riga ku duba shi yadda aka ce a duba. Riga ana wanke ta. Ni har gobe in rana ta take ba na ratsa fili, ta gindin katanga nake bi.