Marubucin da Ya Mance da Masu Jira

Littafi na ɗaya a gida muka karanta shi, a ƙauyenmu na kusa da Pauwa, a kakar da ba mu san ita ce ta ƙarshe da za mu yi a can ba. Ni ce mai karatu. Bayan la'asar sai a zube gyaɗa a tabarma, matan gida su kewaye ta suna ɓara, ni kuma a yafe mini aikin tunda bakina na motsi. Gwaggo, yayar mahaifina, ita ke zama dab da ni. Yanar ido ta riga ta fara rufe mata gani, amma kunnenta ba ya barin komai ya wuce.

Littafin yaƙi ne, irin na aljanu da matsafa. Labarin wani ɗan maƙeri ne da yayarsa, a wani birni mai ganuwa da wani matsafi ya yi wa zobe da rundunarsa. Ɗan maƙerin ne jarumin labari, amma mu yayar muke so. Ita ta tara matan gari suka tsare ƙofar gabas da taɓare da tafasasshen ruwa lokacin da maza suka gaza. Gwaggo ba ta kiranta komai sai "ɗiyata". A ƙarshe aka kori matsafin, sai dai kafin ya gudu ya yi wa rijiyoyin birnin asiri, ruwa ya fara ja da baya. Aka ce ba abin da zai karya asirin sai wani ƙarfe da ya faɗo daga sama, can bayan bangon duniya. Ƙanen ya ɗaura sirdi. Yayar ta raka shi bakin ƙofa ta ce masa ya tafi, zai dawo ya same su. A nan littafin ya tsaya.

Kafin na biyu ya fito mu ma mun tashi. Ba sai na faɗi dalili ba, duk wanda ya san yankinmu a shekarun nan ya sani. Muka koma Ƙanƙara gidan Kawu, aka ware mana ɗakuna a gefen tsakar gida. Wasu maƙwabtanmu sun ƙi tashi, suka ce ba su da inda za su. Labarinsu sai a bakin direbobi ranar kasuwa.

A wannan zaman ne na ji cewa na biyu ya fito. Na sha wahalar nemansa. Ɗiyar Kawu da ke aure a Faskari ta saya, amma ta ba wata ƙawarta aro, ita kuma ta tafi da shi biki garin Sabuwa ta mance shi a can. Sai da damina ta yi nisa ya iso hannuna, bangonsa ya yage, gefensa ya sha manja. Ranar Gwaggo da kanta ta sa aka shimfiɗa tabarma.

Ba zan ci haƙƙin marubucin ba, farkon littafin ya yi daɗi ƙwarai. Mutumin ya iya hanya. Akwai wani daji da ɗan maƙerin ya ratsa, inda itatuwa ke kiran matafiyi da muryar mahaifiyarsa. Ina karantawa tsigar jikina na tashi, matar Kawu ta bar tankaɗen da take yi ta matso. Akwai kuma wani tsohon aljani mai ɗingishi da ya zama abokin tafiyarsa, matsoraci, mai son abinci, wanda duk aka fara faɗa sai ya tuna yana da ciwon baya. Rabon da in ji Gwaggo ta yi dariya har da tari tun muna gida, sai a kan aljanin nan. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma har yau ina gode masa a kai.

Daga nan abin ya fara gundura. An ce ƙarfen na cikin wani kogo, amma kogon sai da mabuɗi. Mabuɗin na wuyan wani maciji. Macijin ba ya mutuwa sai da wani mashi, mashin kuma na hannun wata sarauniya, ita ma ba za ta bayar ba sai an samo mata wani zobe. Duk inda jarumi ya isa sai ya tarar da wani tsoho zaune, kamar an ajiye shi, ya nuna masa gaba. Duk dodon da ya kashe, na gaba ya fi shi girma da kawuna, shi ke nan bambancin.

"Wai wannan yaro aike aka yi shi ko yawon duniya ya tafi?" in ji Gwaggo wata rana. "Duba mani gaba, ina ɗiyata?"

Na ce, "Gwaggo, ba a zo kanta ba tukuna."

"Mutane na can ba ruwa, shi yana nan yana cin tuwon sarauniya."

Haka muka yi ta tafiya, kullum sai ta tambaya, kullum babu. Ko sau ɗaya marubucin bai waiwaya ya nuna mana birnin ba. Ba mu ga yadda suke raba ɗan ruwan da ya rage ba, ba mu ga wa ya tashi wa ya zauna ba. Shi kansa jarumin bai taɓa zama ya tuna da yayarsa ba.

Sai can wajen ƙarshe. Ɗan maƙerin ya sauka a wani zango, ya haɗu da wani falke. A cikin hira falken ya ce masa ai birnin nan mai ganuwa ya zama kufai, matsafi ya dawo ya ƙone shi, ba wanda ya tsira. Jarumi ya zubar da hawaye, ya rantse zai ɗau fansa. A layi na gaba har ya hau doki ya nufi wani tsibiri neman wata garkuwa.

Na dakata da karatun. Gwaggo ta ce, "Sake karanta mani."

Na sake.

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan, Gwaggo."

"Juya takarda, ko ta manne."

Na juya gaba, na juya baya. Babu abin da ya manne. Gari guda, da matan da muka sha ranaku muna yi wa addu'a kamar 'yan uwanmu, an kashe su a bakin wani falke mai wucewa, a abin da bai kai rabin shafi ba. Amma an ɓata babi sukutum wajen kwatanta adon da ke jikin wani mashi. Raina ya ɓaci. Ba mutuwar ce ta ƙona mini rai ba, a labari ana mutuwa. Wulaƙancin ne. Kamar an aiko mana da rasuwa a hannun wanda bai san mamacin ba.

Gwaggo ta lalubi sandarta ta miƙe. "Mi ya sa ya ce mu so su, in ya san haka zai yi masu?" Ta shige ɗaki. Sauran shafukan ni kaɗai na ƙarasa, kuma ko ƙarfen ba a samo ba.

Babban ɗan Kawu, wanda ke da rumfar cajin waya a kasuwa, ya riga ya saurari littafin a waya, har sau ba adadi. Da ya ji ina faɗa sai ya ce ban fahimci irin wannan labari ba.

"Ai labarin tafiya ne," in ji shi. "Mai karatu jarumi yake bi. Dole a ƙone garin don ya samu dalilin fansa."

Na ce, "Yaya, dalilin tafiyar fa? Ba don garin aka fita ba? In babu garin, wa zai kai wa ƙarfen?"

"Ke dai ba ki ga yaƙin tsibirin ba? Wa ya taɓa rubuta irinsa?"

Gaskiyarsa, yaƙin ya tsaru. Na faɗa masa haka. Amma na ce masa ni ban ji komai ba ina karanta shi, don ban san kuma wa ake yi wa ba. Muka yi ta ja har Kawu ya leƙo ya ce mu ji da mutanen gaske tukuna.

Bayan kwana biyu, muna zaune ana tsince wake, sai Gwaggo ta ce falken nan maƙaryaci ne, bai shiga garin ba, daga nesa ya hango hayaƙi. Ta fara ba mu yadda abin ya kasance a wurinta: yadda yayar ta ga ruwa ya kusa ƙarewa, ta bi gida gida tana lallashin tsofaffi su tashi, wasu suka yarda wasu suka ƙi, abin da kowace mace ta ɗauka da abin da ta bari, wata da ta koma ɗauko tukunyar uwarta aka yi ta jiranta a bakin rafi. Babu aljani ko ɗaya a ciki. Muka bar waken muna saurare, mahaifiyata na share ido da gefen zane.

Da na uku ya fito ban neme shi ba. Ɗan Kawu ne ya same ni da murnarsa, ya ce in kwantar da hankali, ai yayar ba ta mutu ba, wata aljana ce ta sure ta daga cikin wutar. Na tambaye shi sauran mutanen garin fa. Ya ɗan yi tunani, ya ce shi dai bai ji an ambace su ba.