R ɗin Mai Bulala

Jiya jikata ta yi ta dariyar yadda nake kaɗa "R" in ina Turanci, wai kamar injin niƙa.

Ba laifina ba ne. A sakandarenmu ta Kafanchan, shekarun 1970, malamai uku ke gyara mana baki. Baturen Ingila haɗiye R yake yi, Ba'amurke ya tauna shi, Ba'indiye ya kaɗa shi. Kowa kuma nasa yake so.

Na kai wa Mama kuka: "Na wa zan bi?"

Ba ta jin Turanci ko kaɗan. Ta ce, "Wa ke da bulala a cikinsu?"

"Ba'indiyen."

"To, nasa ne daidai."

Har yau bakina tsoronsa yake ji. Ku fa, R ɗin wa kuka gada?